Yawon Gaisuwar da Ya Ci Wata Shida

Ana kiran assalatu muka bar gida, matar ɗana tana riƙe mini jakar kilishi da daddawa har bakin mota. Ni ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, amma ku sani ba kallon gari ya kai ni Landan ba. Na je in ji dalilin da ya sa yaron nan ya auri 'yar mutane ya bar ta a ɗakina shekara biyu, kullum "takardu, takardu". Na dafa kafaɗarta na ce, "Ki fara haɗa kayanki. Ni ce da kaina zan je."

Abincin jirgi ba gishiri ba yaji, na mayar musu da abinsu. Da muka sauka, yaron ya tarbe ni, ya rame. Ɗan fari ne, ba na kiran sunansa, ba ma doguwar magana, don haka ban tambaya ba. Muka shiga jirgin ƙasa, muka sake, muka hau bas har Thamesmead, unguwar da yake zaune. Gidajen siminti ne kan juna kamar an jera bulo ana jiran magini. A raina na ce, wannan ce Landan ɗin da nake cika wa mata baki da ita?

Washegari na ga ya sa rigar aiki. A gidan kula da tsofaffi yake, awannin da ya yi ake biyansa. Na kalli bango na ce, "Uwa ta taso tun daga Kano a kulle ta kamar kaza? Ba za a kai ni in gaida mutane ba?" Ya ɗan tsaya, ya ce, "To, Hajiya." Ya cire rigar.

Muka shiga yawo. Mun je Barking ta'aziyya, mun koma suna. Mun je kasuwar Lewisham, inda doya guda take cin kuɗin tarin doya a gida, attaruhu kuma ana ƙirga maka shi kamar ƙwayar magani. Duk gidan da muka shiga sai a kawo shayi, ni kuma in baje labari. Wayarsa tana ta ƙara, ina ji yana cewa a yi cancel, ba zai zo ba. Daɗi nake ji, ina ganin ɗana ya zama babba, ana roƙonsa yana ƙi.

Wata maƙwabciyarsa 'yar Gana, mai sayar da wake da shinkafa, ita ta ɓaro mini zancen. Irin Hausarsu ce, mace ma "kai" suke ce mata. Ta ce, "Mma, ka yi hankuri, amma yaro ya bar shift da yawa, ba ya zuwa aiki. Wata biyar yana tara takardar albashi, saura ɗaya." Ta warware mini: hukuma ta yanka abin da miji zai riƙa samu kafin a ba matarsa biza, kuma takardun albashin wata shida a jere ake dubawa. Nasa da ƙyar yake taɓa layin. Wannan watan na yawona ya ja shi ƙasa.

Na koma ɗaki na zauna jiransa.

Da ya shigo na cire awarwaron zinarina na ajiye a gabansa, na ce a kai wa hukumar. Ya durƙusa ya ce, "Hajiya, ba sa karɓar zinari. Ko kuɗi ne sai ya yi wata shida kwance a banki. Zan sake tarawa daga fari." Na ce me ya hana ka faɗa mini? Ya ce, "Ke kika ce a kai ki." Tun da na haife shi ban taɓa kallon idonsa kamar ranar ba, kuma ni na fara sunkuyar da kai.

Sauran kwanakin a ɗaki na yi su, ina dafa masa tuwo, ina kallon bas ta taga.

Da na iso gida mata sun cika tsakar gida, ana "Hajiya 'yar Landan, ina tsaraba?" Na wuce su. A bayan ƙofa akwati biyu ne a ɗaure, yarinyar ta yi abin da na ce. Na zaunar da ita na gaya mata komai, ban ɗora wa Turawa ba, ban ɗora wa mijinta ba. Ta ce, "Ba komai, Hajiya," ta tashi ta fara kwance igiyar akwatin. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Abin da na koyo shi ne, ɗan da ba ya yi maka musu, kai ne za ka tambaye shi kafin ka ba shi umarni. Yanzu in ya bugo waya, ko sallamarsa ba na bari ya ƙarasa. Cewa nake, "Kana da aiki yau? To, ajiye wayar ka tafi."