Ranar da Auta ta duba bakin Inna

Ni ne babba a ɗakinmu, ita ce auta, kuma tazarar da ke tsakaninmu ta kai na sha ɗora ta a wuya in za mu gona. Da ta gama jami'a aka ce ta zama likitar haƙori, mutanen garinmu, can kusa da Gozaki, sun yi murna, amma da saura. Wani kawunmu ya tare ni a zaure ya ce, "To sauran jikin fa, sai yaushe za ta karanta shi?" Dariya kawai na yi. Iyakar abin da na sani a aikin haƙori shi ne a kama da awartaki a finciko, kamar yadda muka taso muna ganin wanzamai na yi.

Ta samu aiki a wani asibiti a Funtuwa, mu kuma muka ci gaba da nomanmu na masara da waken suya.

Da kakar wata shekara, muna tsakiyar sussuka, mai ɗakina ta ja ni gefe ta ce in lura da Inna. Ta daina cin goro, ita da ba ta rabo da shi a bakin zane. Tuwo ma sai ta dama shi da miya ya yi ruwa-ruwa. Ashe ta daɗe tana fama, tana cusa kanumfari a kogon haƙori tana yin shiru. Wata safiya na shiga gaishe ta na tarar kuncinta ya kumbura har ya fara danne ido.

Na ce ta shirya mu tafi Funtuwa. Ta kau da kai.

"Na sama ne," in ji ta. "Kowa ya san in an cire na sama, ido ke tafiya. Kuma yarinyar da na yaye jiya-jiya ce za ta sa mini ƙarfe a baki?"

Ban ja da ita ba. Na fita na kira Auta a waya. Kafin azahar ɗan acaɓa ya sauke ta a ƙofar gida. Ta durƙusa ta gaida Inna, ta tambayi kaji da awaki, sannan ta matsa kusa ta taɓa kuncin da bayan hannu.

"Inna, ban ce zan cire miki komai ba. Gani kawai zan yi. In na gani zan faɗa miki gaskiya, abin da kika yarda shi za a yi."

Sai Inna ta ce a miƙo mata hijabinta.

A asibitin ne na fara ganin ƙanwata a matsayin da ban san ta da shi ba. Ta sa farar riga da safar hannu, ma'aikata na ce mata Likita, dattawa masu gemu na zaune a benci suna jiran ta. Aka zaunar da Inna a kujerar duba haƙori, da kujerar ta fara kwanciya da ita sai Inna ta cafke hannuna. Ni ne ɗan fari, ko sunana ba ta faɗa, ban kuma tuna rabon da ta riƙe ni ba. Na tsaya ƙyam, ban ko motsa ba.

Auta ta duba haƙoran ɗaya bayan ɗaya da wani ɗan madubi, ta sa aka ɗauki hoto, ta nuna mana. Turmin sama ya mutu, shi ya tara ruwa, ba makawa sai ya fita. Wasu sun yi kogo amma suna da rai, ciko za a yi musu. Sauran kuwa datti ne ya daskare a gindinsu kamar dutse, wanki suke buƙata. Sai kuma ta koma duba dasashin.

"Inna, kina yawan jin ƙishi? Fitsari fa?"

"Me ya haɗa wannan da haƙori?"

"Dasashinki ne bai yi mini ba. Yaya, kai ta a gwada jininta yanzu."

Aka gwada, suga ya hau sosai, ba wanda ya sani. Auta ta kama hannun Inna da kanta ta kai ta ɗakin wani likitan. "Wannan ba fannina ba ne," ta ce da ni, "akwai masu shi. Nawa in gane in tura." Ta ba da maganin kumburi, ta ce ba za ta taɓa haƙorin ba sai sugan ya sauka. A hanyar komawa na riƙa jin da ma kawu yana wurin.

Da muka dawo ranar cirewa, Inna ta yi ta salati tun daga bakin ƙofa. Auta ta yi mata allurar kashe zafi, ta jira gefen ya mutu, tana yi mata hirar wata maƙwabciyarmu da ta haihu. Ni dai na ga hannunta ya juya a hankali, sai na ji ƙarar abu a cikin ɗan kwano. Ta cusa auduga ta ce a cije.

"Yaushe za ki fara?" in ji Inna ta cikin audugar.

"Ai an gama. Rufe ido ɗaya. Kina ganin Yaya?"

Inna ta rufe na dama ta kalle ni da na hagu, ɓangaren da aka yi aikin. "Ina ganin shi. Har furfura ya yi, ban lura ba."

Duk ɗakin aka fashe da dariya, ni kuwa na juya ina duban bango, don idona ya ciko.

Sauran aikin a hankali aka bi shi. Aka yi ciko, aka yi wankin, wanda Inna ta ce ƙarar na'urarsa kamar injin niƙa a cikin kai. Akwai giɓin gaba da ta yi shekaru da shi tun wata faɗuwa a bakin rijiya, Auta ta auna ta sa aka yi mata haƙoran roba. Da aka miƙa mata madubi ta daɗe tana kallo, ta ajiye ta ce, "Hannunta ba nauyi. Allah ya yi mata albarka." Da ni take maganar, alhali mai aikin na tsaye a gabanta.

Daga nan labari ya bazu. Matan garinmu suka fara zuwa tsakar gidan Inna, ita kuma ta zare na robar ta nuna musu ta mayar, ta ja musu kunne a kan sa wa haƙori ruwan batir. Masu tsoron zuwa asibiti suka riƙa neman in raka su.

Kwanaki a kasuwar hatsi, ina tsaye kan buhunana, wani Alhaji daga Mahuta da ban taɓa gani ba ya yi sallama ya ce, "Kai ne yayan Likita?" Na ce ni ne. Kafin in ankara ya wangame baki yana nuna mini wani turmi da yatsa. Na ce, "Alhaji, ni masara na sani. Amma bari in gama awo, ni zan kai ka wurinta da kaina."