Ranar da Kawu Ya Ƙaryata Beguwa

Ko zan manta da komai, ban da ranar da kawunmu ya yi wa akwatin yayata fiɗa a tsakar gidanmu na Burumburum.

Yayata ma'aikaciyar jinya ce a Kanada. Da ta zo ganin gida, ta kawo wa Inna wani ɗan akwati da bai wuce tafin hannu ba. Da ɓawon itace aka yi shi, an zana fure a murfin da rinanniyar ƙayar beguwa, bakinsa kuma an ɗinke da ciyawa mai ƙamshi. Wata tsohuwa ce daga ƙabilar Anishinabe, 'yan asalin ƙasar, ta yi wa Yaya shi da hannunta saboda jinyar da Yaya ta yi mata. Tsohuwar ta rasu. Burin Yaya ɗaya ne, Inna ta riƙe shaidar cewa ba a banza 'yarta ta yi nisa ba.

Inna ba ta gama shinshina shi ba sai ga Kawu, maharbin da rabonsa da kashe ko zomo tun ina goye, amma da baki ya ƙarar da namun dajin Doguwa. Ya karɓa, ya juya, ya taɓe baki.

"Wannan ce ƙayar beguwa? An yi miki wayo, yarinya. Ko bushiya sai ta raina ta."

"Kawu, tasu beguwar daban ce, ƙayarta gajera ce."

"Ni za ki koya wa daji? Roba ce! A ba ni wuƙa."

Ni kuwa sarkin rawar kai, na miƙa masa ina dariya. Ya soka, murfin ya tsage biyu. Ya zaro ƙaya ɗaya ya ɗora a garwashi. Nan take ƙaurin gashi ya cika gidan, kowa ya ji ƙayar gaske ce, ba roba ba. Kawu ya shaƙa, ya ce, "To, ai Turawa har ƙauri suna iya sa wa roba." Ya kaɗe riga ya fita, ko sannu.

Yaya ta durƙusa tana tsince ƙayoyin. Ni ta ɗago ta kalla.

"Shi dama haka yake. Kai fa?"

Har yau kunyar tambayar nan ba ta sake ni ba. Na koyi cewa jahili mai taurin kai surutu kawai yake yi, ɓarnarsa ba ta tabbata sai ya samu ɗan kanzagi irina.