Gefen Katangar Arewa

A shekarata ta biyu a jami'a na kama ɗaki a Levenshulme, wata unguwa a ƙasar Turawa, cikin gidajen nan masu manne da juna. Maƙwabciyata wata tsohuwar Baturiya ce da ta haura tamanin. Kaka nake ce mata, ita kuma tana ce mini 'yar laburare, don ba ta taɓa ganina babu littafi a hannu ba.

Wata rana ina taya ta karanta kwalin magani, sai ta ba ni labari. Tana ƙarama, a wani ƙauye da Birmingham ta haɗiye yanzu, mahaifiyarta ta haifi namiji bai zo da rai ba. Ungozoma ta naɗe shi ta fita da shi, ba a sake zancensa ba. Har uwar ta rasu ba ta san inda aka kai shi ba. Ga shi 'ya'yan Kaka suna shirin mayar da ita gidan kula da tsofaffi, ita kuwa so take ta tsaya a kan kabarin ƙaninta sau ɗaya tun ƙafa na ɗaukarta.

Na ce ta bar mini. Magana da mutane ke ba ni wahala, bincike kam ba ya ba ni tsoro. Na je Birmingham na duba tsoffin littattafan cocin ƙauyen, na haihuwa da na aure da na jana'iza, waɗanda aka ɗauki hotonsu ake murzawa a na'ura. Na bi takardun ƙidayar jama'a da tsoffin taswirori. Na gano kakanninta maƙeran ƙusa ne, na gano layin da suka zauna. Jaririn kam babu shi. Ma'aikaciyar wurin ta ce a wancan zamani irin waɗannan jarirai sau da yawa ba a rubuta su a littafin coci.

Da na faɗa wa mahaifiyata a waya, dariya ta yi. “Ke da takarda! Garin babu tsofaffi ne? Ki je ki gaishe su. Kada ki je hannu rabbana, kuma kada ki fara da tambaya.”

Na samu labarin tsofaffin unguwar kan taru shan shayi a zauren cocin da hantsi. Na soya cincin, na riƙo hannun Kaka muka hau jirgin ƙasa. Da muka shiga, ni kaɗai ce mai hijabi, ni kaɗai ce mai baƙin gashi ma da za a duba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina gaisarwa, yaya ƙafa, yaya jikoki, kamar yadda ake yi a gida.

Wani dattijo ya ɗauki cincin ya gatsa. “Yarinya, haƙoran nan na roba ne, kashe ni za ki yi?”

“Ka tsoma a shayi, Baba,” na ce. Aka yi ta dariya.

Kaka ta taɓo ni ta ƙarƙashin tebur. “Ki tambaya mana.”

“Bari tukuna, Kaka.”

Hira ta gangara da kanta zuwa zamanin da. Na ambaci layin maƙera da na gani a taswira, sai wata tsohuwa mai keken guragu ta ɗago ta ƙura wa Kaka ido. “Ke ba 'yar gidan mai gyaran keke ba ce? Babanki ya taɓa korata da tsintsiya!”

Sai da suka gama tuna malamansu da wanda ya auri wa, sannan na daure na yi tambayar: jariran da ba su zo da rai ba, ina ake kai su?

Tsohuwa mai keken ta ce suna yara ko'ina suna wasa a maƙabartar cocin, amma ban da gefen katangar arewa. Iyayensu mata sun hana su taka wurin, sun ce jarirai na barci.

Na tura kekenta muka fita, Kaka na dogara sanda. Wurin ciyawa ce kawai, doguwa, babu dutse ko ɗaya. Na so in ba Kaka haƙuri don ban iya nuna mata takamaiman gurbin ba, amma ba ta ni take ba. Ta dafa katangar ta sunkuya.

“Ga yayarka,” ta ce. “Na makara, amma na zo.”

Na ja baya na bar su. Na ci jarrabawa da dama a ƙasar nan, amma babu wadda ta sa na ji kaina ya kai kamar tsayuwar da na yi a jiƙaƙƙiyar ciyawar nan, ina riƙe mata jaka.