Amyar Ila

Da safen nan labari ya same ni, ina tsakiyar kasuwar Agiye riƙe da igiyar rago: Ila ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Madalla da zamani. A da sai an tada mutum takanas ya zo ya zauna, ya gaishe ka, sannan ya faɗa maka. Yau buɗe waya kawai na yi, sai ga hoton taubashina da rubutu a ƙasa, rabi Hausa rabi Faransanci.

Madalla kuma da mai rubutun, Mushe Laminu, kamar yadda muke kiran malaman boko, tsohon daraktan lakol, wato makarantar bokon garinmu. Shekara huɗu ke nan da ya san Ila, tun da ya aje aiki ya sayi madubin hangen tsuntsaye. Amma shi ya kai shi likita, shi ya kama makara, shi ya sanar da duniya. Ni da aka yi mana kaciya rana ɗaya, a waya na gani kamar kowa. Ina tasha yanzu, mota ba ta cika ba, Ila kuwa an riga an rufe shi.

Uwar Ila ƙanwar ubana ce. Wanda ya ga ina tsokanarsa yau kada ya ce ba ni da tausayi. Wasan taubasai ne, mutuwa ba ta kashe shi.

Mutumin kirki ne, wannan ko ni ban iya ƙaryata shi ba. Shekarar da maiɗakina ta kwanta, shi ya ɗaura amalanke ya kai ta likita cikin taɓo, ina can yawon kasuwanni. Duk kaka sai na tarar da buhun wake a zaurena, bai taɓa cewa shi ya aje ba. Gorona kuwa ya ci shi shekara arba'in, ban taɓa jin na gode ba.

Amma ban ɓoye muku ba, ba ni ne na fari a zuciyarsa ba. Agwagwa ce.

'Yan yanzu ba ku san ta ba. 'Yar ƙarama ce, kaɗan ta fi tantabara. Fuska fara, ƙirji ja-ja, namijin da kore a gefen wuya. Mu agwagwar bado muke ce mata, don cikin bado take wuni tana cin 'ya'yansa. Muna yara, in gulbi ya kawo ruwa ya bar gurabe, sai ka gan su sun yi dafifi. Ba ta ƙwai a ƙasa kamar agwagwar gida. Kogon babban itace take nema a bakin ruwa, kanya ko tsohuwar kirya, can sama.

To, ina bado yanzu? Injin ban-ruwa na shanye gurbi tun sanyi bai wuce ba, masu bulo su bi sauran, kamiyo, babbar motar kaya, ya zo ya kwashe yashi. Mai bindiga na nasa. Manyan itatuwa kuma sun zama turmi da gawayi. Ban zagi kowa ba, ni ma albasar ban-ruwan nake saye ina sayarwa.

Na taɓa tambayarsa abin da ke tsakaninsa da tsuntsuwar da naman jikinta bai kai loma uku ba. Ya ce ya ba jikarsa labarinta, yarinyar ta ce tatsuniya ce. Wai ba ya son ya mutu maƙaryaci a gidansa.

Kun san al'adarmu. Itacen da wani ya rataya wa amya, ba a sa masa gatari sai da yardar mai amyar. Yara ma ba sa hawa, don tsoron harbin ƙudan zuma. Ila ya rataya amya huɗu a manyan itatuwan bakin gulbi. Shekaru suna wucewa, ba wanda ya taɓa lasar zumarsa. Na sa masa suna mai zuma marar zuma, ya yi dariya ya karɓa.

Wata damina ruwa ya tare mu gindin wata kirya. Na ɗaga kai, na ga amya shiru, ko ƙuda ɗaya ba ya shiga. Sai ga 'yar agwagwar nan ta leƙo daga kogon da ke samanta. Nan take na gane. Amyoyin wofi ne. Kwando ne kawai da kashin shanu, ya rataya don a bar masa itatuwan.

Ya kama hannun rigata. Ya ce, "Garba, don Allah wanga dai ka haɗiye shi."

Na rantse. Na kuma riƙe, har kwana tara.

Ran kasuwar Cadakori ina zaune wurin mai shayi, sai hira ta faɗa kan Ila. Wannan ya ce jarumi ne, yana hawa wurin ƙuda ba hayaƙi. Wancan ya ce ai asiri gare shi, ƙuda sun san muryarsa. Ni ina zaune, ni da na sasanta rigimar dabbobi ta fi a ƙirga a kasuwar nan, ba wanda ya taɓa ce mini jarumi. Na aje kofi na ce amyoyin Ila ko sauro babu a ciki.

An yi dariya sosai. Na ji daɗinta, ba zan yi ƙarya ba.

Kafin wata damina itace uku sun kwanta. Masu gonakin suka ce amyar da ba ƙuda ba amya ba ce, kwando ne. Amya ta huɗun kuwa Ila da kansa ya sauke ta, ya mai da ita wani wuri can ƙasan gulbi da ban sani ba.

Bai zage ni ba. Da ma ya zage ni. Wake bai daina zuwa zaurena ba, gorona bai daina ƙarewa ba. Maganar agwagwa ce kawai ya daina yi da ni. Sai ga Mushe da madubinsa. In na hango su da hantsi sun nufi gulbi, biyu a kan moto ɗaya, suna magana ƙasa-ƙasa, sai shinkafa ta ƙi wuce mini. Dattijo da furfura, ina kishin tsuntsuwa da tsohon malamin lakol.

Mako uku da suka wuce Ila ya zo rumfata. Ya rame, yana tari, fatar idonsa ɗaya a kumbure. Ya zaro kwalba daga aljihu ya dire a kan buhu.

"Taubashi, ga zumar da ka ce babu."

Ya ce kanya ɗaya ta rage, kuma bana ma agwagin sun zo, mace da namiji, ya ga 'ya'yan sun diro ruwa da idonsa. Na ce a ina. Ya ce Mushe ya sani.

Na ce, "Mushe fa? Ni ɗan kawunka ina zaune?"

Ya ce, "Shi ido gare shi, kai baki gare ka. Kowa da aikinai. Ka tahi kasuwa ka hwaɗi ƙudan Ila na harbi. Bakinka ya kada ukku, shi tsaida min guda."

Ya ɗauki goro biyu ya tafi.

Kun san abin da na yi? Fushi na yi. Na ce tun da Mushe ne amini, Mushe ya yi shelar. Kasuwa shida na ci tun ranar, ban ce uffan ba. Sau ɗaya a rayuwata bakina ya yi shiru, shi ma a inda aka roƙe shi ya yi magana.

Ɗazu na kira Hajara, matarsa, na yi mata gaisuwa. Cikin kuka ta ce ya bar saƙo: amyar ta Garba ce, amma kada Mushe ya nuna masa inda take. Ta ce da ya faɗi haka har murmushi ya yi. Ka ji mugun taubashi. Ya bar mini gado, ya ba wani makulli.

Na san garinmu. Amyar da mai ita ya mutu, kafin sadakar bakwai wani zai fara zagaya itacen yana auna kaurinsa da ido. To ku ji, ku kuma tura wa wanda bai gani ba, musamman masu gatari: amyar Ila tana da mai ita, ni ne. Tun da ban san wace ce ba, duk amyar da kuka gani a bakin gulbi ku ɗauka tawa ce, ku zo ku tambaye ni. Amsar a'a ce. Ƙudan cikinta kuma baƙaƙe ne masu bin mutum har gida. Na ga idon Ila, kwalbar zumar tana rumfata, mai so ya zo ya lasa.

Mushe, ka riƙe asirinka. Ban yafe maka ba tukuna, amma in na zo da daɗin baki kada ka faɗa mini.

Allah ya jiƙan Ila, ya yafe masa, ya sanyaya makwancinsa kamar inuwar kanyar nan da ya hana ni gani. Allah ya ba Hajara da yara haƙuri. Duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a, in da saura ya sa da ni, na fi shi bukata.

Na san akwai mai cewa ai Garba ne, wancan karon ya ce wofi ne, yau ya ce cike take. Gaskiyarka. Itace na nan tsaye, amya na rataye. Wa zai fara hawa ya dubo mana?