Kitsen Suyata Ne Ya Halaka Littattafan Liman

Assalamu alaikum Edita. Don Allah ka sakaya sunana, domin har yau in na tuna abin nan sai kunya ta kama ni.

A lokacin ni mai suya ne a Borokiri, nan Fatakwal, shekarata biyu da barin Arewa, ga taurin kai kamar me. A gidan hayar da nake akwai limamin masallacinmu, wani dattijo, shi ne a ɗakin ƙasa da sai an sauka matakala uku. A can yake ajiye akwatin littattafan mahaifinsa, duk rubutun hannu, har da Alƙur'ani, ba ya bari a taɓa sai da alwala. Ni kuwa kullum in na wanke tire da tukunyar kitse, sai in juye ruwan a ramin wanke-wanke na tsakar gida. A garinmu ta kwata ruwa yake fita lungu rana ta shanye shi, ban taɓa kawowa a raina cewa a nan bututu ne binne a ƙasa, kuma duk gidan shi ɗaya muke amfani da shi ba.

Wallahi gidan ya yi ta ba mu alama. Ruwa ya daina wucewa da sauri, in an zuba ruwa a tsakar gida sai masai ya riƙa ƙugi, wari kuma ya fara tashi a ɗakin Liman. Wata maƙwabciyarmu 'yar Ibo ta ce a kira fulamba, mai gyaran famfo, ya buɗe murfin ramin da bututun suke haɗuwa kafin ruwan sama ya kankama. Na yi mata dariya, na ce warin teku ne kawai. Gaskiyar magana, a kan murfin na kafa teburin yankan namana, ƙyuyar ɗaga shi nake yi. Sai na riƙa ɗura tafasasshen ruwa, ashe ƙara tura kitsen nake yi can ciki ya daskare.

Wata Juma'a muna masallaci aka tsuge da ruwa. Da muka dawo Liman ya buɗe ƙofarsa, sai ga baƙin ruwa har ƙwauri. Najasar gidan gaba ɗaya ta rasa hanya, ta ɓullo ta makewayinsa, tunda nan ne ya fi gangare. Akwatin yana ciki tsundum. Da aka ɗago shi, tawadar ta narke, takardun sun manne da juna. Liman ya yi salati.

Fulamba ya zo ya ture teburina, ya ɗaga murfin, ya zura ƙarfe, ya zaro wani farin curi mai tauri kamar sabulu, yaji duk ya rine shi. Ya shinshina, ya tambaya da Turancin Burokin wa ke suya a gidan nan. Duk aka juyo aka zuba min ido.

'Yan'uwa, in ruwan gidanku ya fara tsayawa, ko masai na ƙugi, kada ku jira, ku sa a buɗe a duba, kuma kada ku zuba kitse a bututu. Mai zubawa yana sama, wanda ke ƙasa ne yake kwasa. Liman ya ce ya yafe min tun a ranar. Amma ni na haƙa ramin da muka binne takardun, kuma ko shafi ɗaya ba a samu wanda yake karantuwa ba.