Marowacin Hasumiya

Shekara ashirin da shida ya yi a hasumiyar filin jirgin sama yana saukar da jirage da fatar baki, kuma a duk shekarun nan Marowaci kawai ake kiransa. Shayinsa kowa sha yake, ba nan rowar take ba. Magana ce ba ya bayarwa. Abokan aikinsa kan yi ta zuba a rediyo kamar 'yan talla, shi kuwa sai ya tattara abin da matuƙi ke buƙata, titin da zai sauka da ƙarfin iska da jirgin da ke gabansa, ya ba shi tun yana nesa. Da jirgi ya miƙe ya fuskanci titi sai ya ba shi izinin sauka ya kame bakinsa har tayoyi su taɓa ƙasa. Matarsa, ma'aikaciyar jinya mai bakin tsiya, takan ce a gida ma sai an yi masa tambaya uku ake samun amsa ɗaya.

Abin yana da asali. A shekararsa ta biyu a aiki aka tura shi ya bi wani jirgi, don ya ga yadda muryar hasumiya ke isa can sama. Aka zaunar da shi a 'yar kujerar naɗewa bayan matuƙa biyu. Tafiya ta yi daɗi, ana hira ana shan shayi, har ya fara cewa a ransa mutanen nan banza suke ci. Sai mintuna shidan ƙarshe suka zo. Ɗaya yana karanta jerin abubuwan dubawa, ɗaya yana amsawa, hannu a kan sandar tuƙi, hannu a kan totur, ana sauke tayoyi ana rage gudu. A tsakiyar wannan sai wani daga hasumiya ya shigo yana tambayar inda za su so a ajiye jirgin. Mataimakin matuƙi ya amsa, ya dawo ya rasa layin da ya tsaya, dole suka koma farko, ƙasa kuma tana ta matsowa. Marowaci ya ga gumi ya jiƙa wuyan rigar kyaftin, kunya ta kama shi kamar shi ya yi tambayar.

Daga ranar ya kafa wa kansa doka. Ba ya magana da mai sauka sai dole, kuma ba ya sauya wa jirgi titi bayan ya riga ya daidaita. Sauya titi kalma huɗu ce a bakin na hasumiya. A can sama kuwa sai an sake cusa lambobi a na'ura, a buɗe wata taswira, a sake shiri gaba ɗaya, duk da hannuwan da ba su da sarari.

Haka ya yi ta yi har kansa ya yi fari, ba yabo ba fallasa. Sai aka kawo sabon manaja, mutum mai ƙamshin turare wanda bai taɓa saƙala na'urar kunne ba ko sau ɗaya. Abu ɗaya ya sani, jirage nawa suka tashi a awa. Cikin wata guda ya gano cewa a zaman Marowaci ne adadin ke raguwa, ya kira shi ofis ya yi masa nasiha irin wadda ake yi wa yaro.

Wata ranar Laraba da la'asar, iska tana bugowa ta gefe, wani jirgi ya daidaita zai sauka a titin hagu, saura mil bakwai. Jirage biyu na jiran tashi a bakin titin. Manaja ya tsaya a bayan kujerar Marowaci ya ce a mai da mai saukar titin dama, a saki biyun nan. Ƙa'ida ta yarda da hakan, Marowaci ma ya sani. Amma ya ji muryar matuƙiyar da ke amsa masa. Sau biyu ta nemi ya maimaita ƙarfin iska, numfashinta kuma gajere ne, ga ƙarar wani abu tana tashi a bayanta. Kunnensa ya gaya masa cewa aiki ya sha musu kai.

“Ba zan taɓa ta ba, ranka ya daɗe,” ya ce, bai ko waiwaya ba.

Jirgin ya sauka lafiya lau. Biyun suka tashi a makare da minti tara.

Aka kafa kwamiti a kan ƙin bin umarni, aka ce zai iya rasa kujerarsa. Aka saurari faifan maganganun ranar a gabansa, ba komai a ciki sai tambaya biyu da dogon shiru. Suka tambaye shi wane haɗari ya hana, ya ce bai sani ba, tunda bai faru ba. Suka ce ya kawo shaida cikin mako guda. Da ya ba matarsa labari ta ajiye cokali ta ce wato sai jirgin ya daki ƙasa za su yarda yana da kunne. Takaicin ya hana shi gama abincin.

Shaida ɗaya gare shi a duniya, matuƙiyar nan. Ya bincika ya samo ranar da za ta sake zuwa, ya sa rigarsa mai kyau ya tsaya a ƙofar da ma'aikatan jirgi ke fita, awa biyu cur. Ta fito tana jan 'yar jakarta, yarinya ce da ba ta wuce sa'ar 'yarsa ta fari ba. Ya gabatar da kansa, ya faɗi rana da lokaci da titi, ya roƙe ta layi biyu kawai a rubuce, da za su nuna cewa aiki ya yi musu yawa a saukar nan.

Ta shiga laluben ranar a ranta, da gaske take nema, ba wulaƙanci ba ne.

“Baba, ka yi haƙuri. Sauka huɗu nake yi a rana. Waɗanda nake tunawa su ne waɗanda aka hargitsa mu. Wannan kam ban tuna ta ba, ina jin lafiya muka sauka.”

“Lafiya kuka sauka, 'yata,” ya ce.

Ya yi mata godiya, ya matsa gefe motar ma'aikata ta ɗauke ta. Ranar Litinin takarda ta fito. Aka mai da shi ɗakin ajiyar fayiloli a ƙasan bene, inda ba taga, saura shekara huɗu ya yi ritaya.