Gaban Allo da Bayansa

Shekarar da na gama sakandare na ɗauko wa kaina abin da kowa a gidanmu ya kira hauka: Larabci da safe, Faransanci da yamma. Larabcin zaɓin Baba ne. Malami ne, a zaurenmu nan Daura yake karantar da magidanta, kuma ni ya sa wa ran gadon littattafansa, tunda yayyena maza duk kasuwar dabbobi ta kwashe su. Faransancin kuwa rigimata ce. Duk sanda muka bi ta Kongolam, bakin iyaka, za mu tsallaka wurin dangin Inna, sai in ji ma'aikata suna yi a tsakaninsu, suna duba takardunmu suna dubana, ni kuwa ina tsaye kamar an dasa ni. Allah bai yi ni da haƙurin a yi magana a kaina ban ji ba.

Akwai wata 'yar Damagaram a bayan layinmu, tsohuwar malamar makaranta ce kafin aure ya kawo ta. Madam muke ce mata. Ta yarda ta koya mini. Baba ya daɗe yana jan carbi kafin ya amsa.

"Na yarda, amma da sharaɗi. Kai guda ne gare ki. Ran da na ji Larabcinki ya yi rauni, ran nan kin bar wancan."

Wata uku na sha wuya. Larabcin yana tafiya daidai, amma na Madam ko kaɗan ba ya zama. In cika littafi da rubutu, in kalle shi har idona ya yi ja, kafin in kai ƙofar gida ya zube. Sai wata rana na gane inda matsalar take. Ni kan allo gare ni. Abin da ban rubuta da tawada ba, ban yi ta maimaita shi da ƙarfi ina rangaji ba, ban wanke shi da hannuna ba, to bai shiga ba. Na je kasuwa na sayi sabon allo fil, wanda ba a taɓa sa masa aya ba. Gabansa na ba nahawun Larabci, bayansa Faransanci. Ban gaya wa kowa ba, don na san Baba.

Cikin sati biyu Madam ta fara kallona ta saman tabarau. "Ke, wa ke ƙara maki lakwal a ɓoye?" Karatu take nufi, a bakinsu na can.

Ruwan wankin gaban allon gindin darbejiya nake kai shi, kamar yadda aka saba. Na bayan kuwa a ƙaramar ƙwarya nake tara shi bayan ƙofa, sai na tashi fita in zubar. A lokacin Gwaggo, yayar Baba, ta zo mana daga Zango jinyar gwiwa. Ta ga ƙwarya, ta ga baƙin ruwa, ta ga allo a jingine a gidan malami. Wa zai tsaya tambaya? Kwana uku ina tarar da ƙwaryar wayam, ina zaton Inna ce ke taya ni zubarwa.

Rana ta huɗu muna karyawa, Gwaggo ta miƙe ba sanda, ta taka har gaban Baba.

"Malam, Allah shi saka maka. Rubutun nan da kake sa yarinya tana aje mani, ka ga aikinshi."

Baba ya ce, "Wane rubutu?"

Na ajiye kokona. Aka ce in kawo allon. Baba ya karanta gabansa, ya gyaɗa kai, sannan ya juya shi. Na rantse har kajin gidan sai da suka yi shiru. Abin da Gwaggo ta kwana uku tana sha da bisimilla, sunayen kayan miya ne da yadda ake tambayar hanyar tasha.

Inna ta shige ɗaki da sauri, ina jin dariyarta tana ƙoƙarin ɓallewa. Ni kam ba dariya a raina. Tsoro ne ya kama ni, don na ga Faransancina ya kama hanyar fita.

Baba bai ɗaga murya ba. "Allo aka mai da abin wasa? To, yau bayan la'asar za mu ga abin da ya rage a gaban."

Ya kira amininsa, wani dattijo da ɗalibai ke shakkar gyaransa. Na zauna daga bakin ƙofar zaure ta ciki. Aka miƙo mini littafin fiƙihu marar wasali, aka buɗe babin da ban taɓa kaiwa ba. Har na yi tunanin ko in nemi ragowar ƙwaryar Gwaggo. Na fara a hankali. Layi ɗaya, biyu, sai na ji bakina ya saki. Ina karantawa ina fassarawa, dattijon yana tare ni da tambaya ina ba shi amsa. Shafi uku ba a gyara mini ko wasali ɗaya ba. Wani daɗi ya cika ni, har da ɗan girman kai, ba zan ɓoye ba.

Dattijon ya rufe littafin. "Malam, in wancan yaren ne ya yi mata haka, ka kai sauran ɗalibanka."

Baba ya sake ɗaukar allon, ya juya bayansa, ya daɗe yana duban baƙaƙen da bai san ko ɗaya ba.

"Karanta mani wannan."

Na karanta. Ya saurara har ƙarshe, kai a sunkuye, kamar yadda yake sauraren kowane ɗalibi. Sannan ya goga yatsa a kan rubutun, ya duba.

"Tawadarki ta yi ruwa."

Iyakar abin da ya ce ke nan, ya tashi. Na wuni ban san matsayina ba. Washegari da hantsi na fito na same shi tsugune a tsakar gida, yana dama ƙaro da baƙin tukunya, aikin da ya yi shekaru da bar wa ɗalibai. Ya cika 'yar kwalba, ya fiƙe sabon alƙalami, ya miƙo mini.

"Ga ta bayan allo. In za ki rubuta yaren mutane, ki rubuta shi da kyau. Ruwan kuma ki riƙa zubarwa da wuri, kafin Yaya ta fara yi mana gaisuwar Damagaram."

Gwaggo daga ɗaki ta ce ita dai gwiwarta ta warke, kowa ya faɗi abin da zai faɗa.

Yau harsunan biyu nake koyarwa, kuma in na bi ta Kongolam ni ke tsoma baki a hirar ma'aikata. Baba ya rasu bai san kalma ɗaya ta Faransanci ba. Amma har ƙarfinsa ya ƙare, bai taɓa bari kwalbar nan ta bushe ba.